Allurar Terramycin: Amfaninta Da Yadda Za A Yi Aiki Da Ita

Jama'a manoma da makiyaya, ga damina ta kankama, ciyawa ta fito, dabbobi sun fara murmurewa daga wahalar bazara. Amma ko wane mai kiwo ya sani, yadda damina ta ke zuwa da ciyawa haka ta ke zuwa da kaska da ƙuda, da kirci da ruɓewar kofato da tari. Shi ya sa in ka shiga kasuwar dabbobi a wannan lokaci, ko Potiskum ce ko Maigatari ko Illela, za ka tarar da masu tebur sun jera kwalabe masu ruwa kamar zuma, mutane suna ta saye kamar goro. Waɗansu su kan ce da maganin nan Terramycin, waɗansu su ce Oksi, waɗansu kuwa El-e. Sunansa wajen likitoci oksitetrasaikilin.

A kansa za mu yi magana yau. Magani ne na ƙwarai, ya ceci dukiya mai yawa a ƙasar nan. Amma irin aikin da a ke yi da shi yanzu, ko wane ciwo a ce a tsira allura, ba awo ba ƙidayar kwana, in ba mu gyara ba wata rana za mu neme shi mu tarar ba ya ci.

Asalin maganin

Da yawa daga cikin cututtukan dabbobi da na mutane, waɗansu ƙananan halittu ne ke kawo su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani jinsi daga cikinsu sunansa bakteriya. Su kan shiga jiki ta rauni, ko ta numfashi, ko ta ruwan sha, ko ta cizon kaska, sa'an nan su yi ta hayayyafa, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su fi ƙarfin jiki.

A shekarar 1928 wani likita a London mai suna Alexander Fleming ya lura da wata irin fumfuna da ke kashe bakteriya, daga nan aka sami penisilin. To, penisilin ba ko wace bakteriya ya ke kashewa ba, yana da zaɓe. Sai masana suka dukufa suna tono ƙasa daga wurare daban daban suna bincike, domin cikin ƙasa akwai ƙananan halittu masu yaƙi da juna da guba irin tasu. A 1950 kamfanin Pfizer na Amurka ya fito da wannan magani daga wata halitta da aka samu cikin ƙasa, aka sa masa suna Terramycin, domin da Latinanci "terra" ita ce ƙasa. Kun ga ashe shi ma amfanin ƙasa ne, kamar dawa da gero.

Abin da ya ɗaukaka shi, shi ne yana kama bakteriya iri iri da yawa. Aikinsa kuwa, ya kan hana su ƙera abin gina jikinsu, sai su kasa girma su kasa hayayyafa, sa'an nan jikin dabba ya sami sarari ya ƙarasa su da kansa. Ku riƙe wannan da kyau: maganin ɗaure cutar ya ke yi, jiki ke kashe ta. Saboda haka dabbar da aka yi wa allura aka bar ta cikin rana ba ruwa ba harawa, an yi rabin aiki ne kawai.

Wannan yawan kamu nasa kuwa, nan amfaninsa ya ke, nan kuma haɗarinsa. Mai noma da fartanya ya kan zaɓi ciyawa ya bar dawa, amma wanda ya cinna wa gona wuta ba shi da zaɓi. Cikin tumbin saniya da na tunkiya da na akuya akwai bakteriya masu amfani, ba su ƙidayuwa, su ne ke narkar da ciyawa da kara su mai da su abinci. Maganin nan bai san na gida da baƙo ba. Shi ya sa ba a ɗura wa babbar saniya ko rago garinsa ko kafsonsa ta baki. In an yi haka sai tuƙa ta tsaya, ciki ya kumbura ko zawo ya ɓarke, a garin neman gira a rasa ido.

Inda ya ke ci da inda ba ya ci

Yana yi wa kirci aiki, watau ciwon fatar nan mai ɓawo da ke kama shanu da damina, ya ɓata fata har ba ta da daraja wajen majema. Yana yi wa ruɓewar kofato, da ciwon hantsa, da ciwon mahaifa bayan haihuwa mai wuya, da ciwon cibiya da na gaɓoɓi na 'yan maruƙa, da irin tarin da ke kama dabba bayan doguwar tafiya cikin mota. Yana kuma yi wa waɗansu zazzaɓin da kaska ke kawowa, in an kama su da wuri.

Amma akwai cututtuka manya waɗanda ko ka zuba wa dabba kwalba guda ba abin da zai yi musu. Boru, watau ciwon baki da ƙafa, da annobar awaki da tumaki mai majina da zawo wadda likitoci ke kira PPR, da annobar kaji ta Newcastle mai share akurki da hunturu, duk waɗannan wata halitta ce dabam ke kawo su, sunanta bairas, maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Makaminsu rigakafi ne. Dattawa suna tune da bushiya, yadda ta ke kwantar da garke guda cikin 'yan kwanaki. Ita ma bairas ce, kuma da lamba aka ci ta. An soma babban gangamin yi wa shanu rigakafinta a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru a 1962, aka yi ta fama shekara da shekaru, har a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Wani lokaci likita ya kan ba dabba mai boru ko PPR wannan allura domin kada bakteriya su hau kan raunukan da cutar ta buɗe. Wannan hukuncinsa ne shi da ya duba dabbar, kada a ɗauka maganin boru ke nan.

Haka kuma sammore da ƙudan tsando ke kawowa, da tsutsar ciki, da tsutsar hanta da dabbobi ke ɗauka a fadama, ko wanne da nasa magani dabam. Saniya ta rame, gashi ya tashi, mai ita ya yi ta tsira mata Terramycin mako bayan mako, kuɗi suna tafiya, sammore kuwa yana ta cin jininta.

Akwai cututtuka biyu da ya kamata a yi musu magana ta musamman. Na farko ciwon huhu na shanu mai yaɗuwa. Allurar nan ta kan sa tari ya lafa, saniya ta tashi ta ci ciyawa kamar ta warke, alhali cutar tana iya kwanciya a wani lungu na huhunta, ta shiga garke ko kasuwa ta harbi lafiyayyu. Na biyu ciwon saifa, mai kashe dabba farat ɗaya, jini baƙi ya fito ta hanci da dubura. Wannan yana kama mutum. Ba a feɗe irin wannan mushe, ba a jeme fatarsa. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta Jihar Neja, saboda haka kada a ce labarin da ne. Ko wanne aka gani cikin biyun nan, a keɓe dabbobin a kai rahoto ofishin dabbobi nan da nan. Dukansu suna da rigakafi, ana yin sa a Vom kusa da Jos, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi tun 1924. Ku lura kuma, rigakafin waɗannan biyu cuta ce mai rai da aka raunana, in aka haɗa shi da allurar Terramycin lokaci guda sai allurar ta kashe shi, a yi aikin banza. Wanda ya yi wa dabbarsa allura kwanan nan ya gaya wa mai rigakafi kafin a taɓa ta.

A fara gane ciwo

Kun ga ke nan abin da ya fi ko wanne muhimmanci shi ne a san ciwon da ke damun dabba kafin a buɗe kwalba. Wannan aikin likitan dabbobi ne da malaman dabbobi. Mun sani wata ruga tana da nisa da ofis, amma yanzu akwai waya a aljihun kowa, ana iya kira a faɗi alamu, a ɗauki hoton ciwon a aika.

Kafin ka kira, duba abin da za a tambaye ka. Yaushe ta daina ci? Tana tuƙa? Yaya numfashinta, yaya kashinta, yaya launin cikin fatar idonta? Dabba nawa suka kamu? Akwai wadda aka sayo kwanan nan? Ya kamata ko wane mai garke ya mallaki ma'aunin zafin jiki. A kan sa shi cikin dubura a jira minti ɗaya ko biyu, da safe kafin rana ta yi zafi. Zafin lafiyayyar saniya digiri 38 ne zuwa 39, in ya haura 39 da rabi akwai zazzaɓi. Dabbar da ta rame ba zazzaɓi, sau da yawa yunwa ce ko tsutsa, abinci da maganin tsutsa ta ke bukata.

Awo

In an tabbata ciwon na wannan magani ne, saura awo, nan kuwa a ke yawan kuskure. Kwalaben nan ba ƙarfinsu ɗaya ba, ko da launinsu ya yi kama. A jikin takardar ko wace kwalba an rubuta ƙarfinta: akwai 5%, akwai 10%, akwai 20%. Mai 20% da aka rubuta wa L.A. ita ce mai dogon aiki, allura ɗaya ta kan yi wajen kwana uku tana aiki a jiki. Masu 5% da 10% na yau da kullum gajeren aiki gare su, kullum a ke yin su, kwana uku zuwa biyar a jere.

Awon mai dogon aiki bisa ga yawancin kamfanoni shi ne mililita 1, watau si-si 1 a sirinji, ga ko wane kilo 10 na nauyin dabba. Akuya mai kilo 25 za ta sami si-si 2 da rabi. Rago mai kilo 50, si-si 5. Saniya mai kilo 300, si-si 30. To, ga abin da a kan gani a ruga: mutum ya zuƙi si-si 10 ya tsira wa saniya mai kilo 300, domin ya ga kwalba ɗaya ta isa shanu goma. Ya ba ta sulusin abin da ta ke bukata ke nan. Wani kuma ya saba da mai 20%, ya tarar da mai 5% ta fi araha, ya saya ya yi awon da ya saba, sau ɗaya tak. Wannan rubu'i ya bayar. Araha ba ta ado.

Nauyin dabba kuwa kada a dogara da ido kaɗai. Malaman dabbobi suna da wani tef da a ke zagaya ƙirjin saniya da shi, daidai bayan ƙafafun gaba, ya nuna nauyinta kusa da kusa. Akuya da tunkiya ana iya rataya su cikin buhu a jikin sikeli irin na 'yan hatsi. Wuce awo shi ma ɓarna ne, domin maganin yana wahal da ƙoda da hanta, balle ga dabbar da zawo ya tsotse ruwan jikinta.

Yadda a ke yin allurar

1. A ɗaure dabba sosai, kada ta fizge allura ta karye a jikinta.

2. A yi aiki da sabuwar allura, ko wadda aka tafasa cikin ruwa. Allura ɗaya da a ke bin garke da ita daga wannan zuwa wancan, ita kanta tana raba cuta.

3. A zaɓi tsokar wuya, gaban kafaɗa, inda fata ta ke a bushe ba taɓo ba kashi. Cinya nan ne nama mai tsada, maganin kuwa yana ƙona tsoka ya bar tabo.

4. In allura ta shiga, a ɗan ja bakin sirinji baya. In jini ya fito an shiga jijiya, a zare a sake wuri. Maganin nan in ya shiga jijiyar jini da sauri yana iya kayar da dabba nan take. Allurar jijiya aikin likita ce.

5. Kada a zuba duka wuri ɗaya. Ga saniya waɗansu kamfanoni sun ce kada a wuce si-si 20 a wuri guda, waɗansu sun ce 10. Ga tunkiya da akuya kada a wuce 5. Saniyar nan mai si-si 30 sai a raba mata wuri biyu ko uku, dama da hagu.

6. A rubuta rana, da sunan dabba ko kamanninta, da sunan magani, da awon da aka yi. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta. A kuma shafa wa dabbar shuni ko fenti a ƙaho, domin mai tatsa ta gane ta.

Doki da jaki ba a yi musu mai dogon aikin nan, yana kumbura musu wuri, yana kuma iya kawo musu zawo mai kisa. Haka kare da kyanwa.

A cika kwanaki

In likita ya ce kwana biyar, kwana biyar ɗin za a yi. Galibi ran kwana na biyu dabba ta kan miƙe ta fara cin abinci, sai mai ita ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga sauran magani ya ajiye. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Ga dalili. Cikin dubban bakteriyar da ke jikin dabba mai ciwo ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Magani kaɗan, ko na gajeren lokaci, ya kan kwantar da raunana ya bar masu taurin kai. Manomi ya san wannan a gonarsa: in ka yi noma sama sama, ciyawa mai taushi ta mutu, ƙiri-ƙiri ya sami fili ya mamaye kunya. Masu taurin kan nan su ne za su hayayyafa, 'ya'yansu su gaje su, har ma bakteriya suna iya miƙa wa maƙwabtansu wannan tauri kamar yadda a ke ba da aron iri. Ran da ciwon ya dawo, ka ɗauko kwalbar nan da ta yi maka aiki bara, ka tarar kamar ruwa ka ke zubawa. Shi kansa Fleming, ran da ya karɓi kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗi cewa wata rana magani zai yi araha kowa ya saya, jahili ya sha kaɗan, ya koya wa cuta jure shi.

In kuwa an yi awo daidai, kwana biyu zuwa uku ba sauƙi, kada a ƙara awo da ka, kada a gauraya shi da wani magani cikin sirinji ɗaya. A koma wa likita, watakila ciwon ba wanda a ke zato ba ne.

Kwanakin jira

Wata rana a wata kasuwar ƙauye wata Bafulatana mai tallan nono da na saba saye wurinta ta tare ni da kuka. Ta ce, "Malam, kwana uku ke nan nonona ya ƙi kwana. Na wanke ƙwarya, na zuba tsohon nono kamar kullum, gari ya waye yana nan tsararo. An yi mini baki ne." Na ce, "Inna, ko maigida ya yi wa shanu allura cikin makon nan?" Ta ce ai kuwa ya yi wa biyu masu ciwon kofato, kuma duk tana tatsarsu. Na ce to ga mai bakin nan. Abin da ke mai da madara kindirmo bakteriya ne masu amfani, maganin da ya biyo nono ya kwantar da su.

Ita dai ta yi asarar ciniki, amma ku tuna da yaran da suka sha wannan madara. Maganin da aka tsira wa dabba ya kan bi jini ya shiga nama da hanta da ƙoda da nono da ƙwai, ya ɗauki kwanaki kafin ya fita. Tafasa madara ko dafa nama ba ya raba su da shi sarai. Saboda haka ko wace kwalba ta kirki an rubuta mata kwanakin jira. Ga mai dogon aiki, na nama ya kan kama daga mako uku har zuwa shida bisa ga kamfani, na nono daga kwana huɗu zuwa mako guda ko fiye. Waɗansu ma an rubuta kada a yi wa saniyar da a ke tatsa sam. Abin da aka rubuta a kwalbar da ke hannunka shi za ka bi, ƙidaya kuwa daga allurar ƙarshe ta ke farawa. Nonon kwanakin nan ba na sayarwa ba ne, ba na gida ba ne. Haka masu kaji: garin da a ke zubawa cikin ruwan sha yana fita cikin ƙwai, a karanta takardarsa a ga ko an yarda a ba kaji masu ƙwai, da kwana nawa za a jira.

Ga fatake da dillalai da mahauta

Wannan magana taku ce. An san al'adar nan ta tsira wa sa allura daren da za a loda shi mota zuwa Kudu, ko ran jajiberen kasuwa domin ya tsaya da ƙafafunsa har a yi ciniki. Wannan sa cikin kwana uku ko huɗu yana kan teburin mahauci, magani cike da namansa. Mahauta sun san alamar, wani wuri a cinya ko wuya mai rawaya ko ƙurji wanda sai an yanke an yar. Haka masu turka raguna domin Layya, waɗanda ke yi musu allura ko wane mako wai don su yi ƙiba. Ƙiba daga dusa da harawa da ƙuli ta ke zuwa. Ragon da aka yi wa allura saura kwana goma Salla, in iyali suka ci shi, da magani suka ci. Wanda larura ta sa ya yi wa dabba allura sa'an nan ya kai ta kasuwa, ya faɗa wa mai saye ranar da aka yi. Ɓoye wannan daidai ya ke da ɓoye ko wane aibi na haja.

Zancen ba lafiyayyun dabbobi magani domin ƙiba, Turawa sun riga mu yi, sun kuma ga abin da ya haifar. A 1969 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Farfesa Michael Swann ya ba da shawara a daina zuba magungunan da a ke warkar da mutane da su cikin abincin dabbobi. A 2006 Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna domin ƙiba gaba ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saye da ajiya

Maganin nan ba ya shiri da zafi da hasken rana. Kwalbar da ta wuni kan tebur cikin rana kasuwa bayan kasuwa ta rage ƙarfi, ko da ranar ƙarewarta ba ta zo ba. In ruwan ya yi duhu ƙwarai ko ya yi gudaji, a rabu da shi. A saya a shagon magungunan dabbobi da aka sani. A Nijeriya a duba lambar hukumar NAFDAC, a duba ranar ƙarewa, a ga murfin ba a taɓa huda shi ba. A gida a ajiye shi cikin kwalinsa a wuri mai sanyi da duhu, inda yara ba su kai. Kwalbar da aka fara zuƙa, yawancin kamfanoni sun ce a gama da ita cikin kwana 28. Wanda ya lalace ba rashin aiki kaɗai ke gare shi ba, yana iya taɓa ƙoda. Kwalaben da suka ƙare da tsofaffin allurai a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne.

Akwai wani magani mai yawan kamu irin wannan, sunansa kuloramfenikol. An hana ba da shi ga dabbobin da a ke ci a ƙasashe da yawa har da Nijeriya, domin ɗan kaɗan nasa yana iya lalata ɓargon waɗansu mutane, jikinsu ya daina yin jini. Ko an ba ka shi kyauta, kada ka ba kaji ko awaki.

Abin ya shafi mutane

Kafson nan ja da rawaya da a ke sayarwa a tire, wanda a kan sha don ciwon ciki, a kan kuma fasa a barbaɗa wa kaji, ɗan gida ɗaya ne da allurar da mu ke magana. Bakteriyar da ta koyi jure magani cikin hanjin kaza ko saniya ba ta tsaya can ba. Ta kan fita cikin kashi, ta shiga taki da rafi da rijiya, ta hau hannun mai kiwo da wuƙar mahauci, har ta isa cikin mutum. Ran da yaro ya kwanta da ciwo mai tsanani, likita ya ba da magani ya ƙi ci, ba wanda zai tuna da akurki.

Wani babban bincike da aka buga a mujallar likitoci The Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda bakteriya masu jure magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Ba kiwo kaɗai ya jawo wannan ba, shan magani barkatai da mutane ke yi yana da babban kaso, amma mu masu dabbobi muna da namu, shi ne kuma wanda ke hannunmu.

Har wa yau, kada mutum ya yi wa kansa ko iyalinsa aiki da maganin dabbobi. Ko na mutane irin wannan jinsi, likitoci ba su cika ba mace mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana kama ƙashi da haƙori, yaro ya tashi da haƙora masu duhu har abada. Wanda allurar dabba ta soke shi bisa kuskure ya wanke wurin da sabulu, ya tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Daga ƙarshe, dabbar da ba ta kwanta ba ba ta bukatar allura. A cire kaska tun tana kaɗan, kirci zai ragu. A ɗaga turke daga taɓo a zuba ƙasa busasshiya, kofato zai huta. Ɗan maraƙi da ɗan akuya su sha nonon farko tun ranar haihuwa. Baƙuwar dabba daga kasuwa a keɓe ta mako uku ko huɗu kafin ta shiga garke. In an yi shelar rigakafi a fito da dabbobi duka, kada a ɓoye rabi a daji. Mai garken da ya kiyaye waɗannan, kwalba ɗaya sai ta kai shi ƙarshen damina, ran da ya bukace ta kuwa za ta yi masa aiki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kaska da hanyoyin raba dabbobi da ita.